Kwaɗon da ke gefen adireshi a Chrome ya ɓace, me zan gaya wa masu zuwa shagona?

Mai Kafe Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin kwamfuta na wannan zaure, kuma don Allah a yi mini bayanin da zan iya maimaita wa dattijo ya gane.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Tudun Wadan Zariya. Aikinmu bai wuce buga takardu, fotokwafi, duba wa ɗalibai sakamako, biyan kuɗin makaranta ta Remita da cike fom na neman aiki ba. Kwamfutoci shida gare ni. Huɗu suna kan Windows 10, biyu kuma tsofaffi ne masu Windows 7, na hannu na saye su tun ina fara sana'ar. Dukkansu Chrome ne a kai.

Tun wajen ƙarshen 2023 huɗun nan suka sauya kama. Kusurwoyi suka lanƙwashe, launi ya canza, jerin da ke fitowa idan ka danna ɗigo ukun nan na sama ya ƙara tsawo, kowane layi da 'yar alamarsa a gefe. Wannan bai dame ni ba, ido yana sabawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwaɗon nan da ke gefen adireshi. Babu shi. A gurbinsa an sa wata alama mai layi biyu a kwance, kowanne da ɗan zobe.

Ga inda matsalar take. Da yawa daga masu zuwa biyan kuɗi a wurina iyaye ne, su suke riƙe da katin ATM, ba sa ba yaro. Shekara da shekaru abin da nake gaya musu ɗaya ne: kafin ka sa lambar kati, ka duba sama, in ka ga kwaɗo ka ci gaba, in babu ka tsaya. Har a kwali na rubuta na manna a bango kusa da firinta. Mutane sun riƙe maganar nan fiye da yadda na zata. Yanzu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai biya wa jikokinsa kuɗin makaranta, in ya zo ba ya yarda ya zauna a kan sababbin. Sai ya jira ɗaya daga tsofaffin ta samu sarari, don su har gobe suna nuna kwaɗo. Ya ce da idonsa yake aiki. Wasu ma sun fara bin sahunsa, har layi ake yi a kan kwamfutocin da suka fi kowanne nauyin jiki, sababbin suna zaune.

To da gangan aka cire kwaɗon ko wani abu ne ya lalace a wurina? Tsakanin masu kwaɗo da marasa shi, wanne ya kamata a riƙa biyan kuɗi a kai? Kuma in kwalin nan ya tashi aiki, me zan rubuta a madadinsa? Na gode.

Ɗan Farm Centre:

Wa alaikumus salam Yallaɓai. Ka kwantar da hankalinka, ba abin da ya lalace. Mu nan kasuwar waya ta Kano mun sha wannan tambayar. Mutum zai zo da wayarsa ya ce an yi masa kutse, makullinsa ya ɓace, ka duba ka ga Chrome ne kawai ya sabunta kansa. A Android ma sabuwar alamar ce, a iPhone kuwa cire ta suka yi gaba ɗaya ba su sa komai ba. Dalilinsu dai sai Injiniya ya zo. Ni Opera Mini nake ɗora wa mutane saboda data, tunda Chrome ya cire tsarinsa na rage cin data tun 2022.

Injiniya Bauchi:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa shago albarka. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: dattijon nan yana barin kwamfutar da ta fi tsaro yana komawa wadda ta fi rauni. Biyun nan suna nuna kwaɗo ne don an wuce an bar su. Chrome 109, wanda ya fito a Janairun 2023, shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7 da 8.1. Daga 110 sai Windows 10 zuwa sama. Kwaɗon kuma a Chrome 117 aka cire shi, Satumbar 2023, daidai lokacin da Google ta sake wa burauzar fasali don cikarta shekara 15. Tsofaffin naka ba su kai wurin ba, ba kuma za su kai ba.

Da gangan aka cire, tun watan Mayun shekarar suka sanar, suka kuma faɗi dalili. Sun ce a binciken da suka yi a 2021, kashi 11 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka tambaya suka san ainihin abin da kwaɗon yake nufi. Mutane suna ɗauka yana cewa mai shafin nan mutumin kirki ne. Alhali abin da yake cewa kawai shi ne, duk abin da ka rubuta a rufe yake tafiya tsakanin kwamfutarka da sabar shafin (kwamfutar da shafin ke zaune a kanta), wanda ke tsakiya, ko mai Wi-Fi ne ko kamfanin layi, ba zai iya karantawa ko ya canza ba. Wane ne a ɗaya gefen, me zai yi da lambar katinka, wannan ba ruwan kwaɗo. Irin na kasuwa ne, ɓarawo ma yana saye ya kulle ƙofarsa.

Lokacin da ka rubuta kwalinka wataƙila maganar tana da ɗan ƙarfi, don a da takardar shaidar da ke kawo kwaɗon saye ake yi da dala, ƙananan 'yan damfara ba sa wahalar da kansu. Sai wata hidima mai suna Let's Encrypt, ta ƙungiyar da ba riba take nema ba, ta fara raba takardar kyauta daga ƙarshen 2015. Na'ura ce ke bayarwa, cikin 'yan mintuna, kuma abu ɗaya take dubawa: kai ne ke riƙe da adireshin nan? In kai ne, ga takardarka. Alheri ne babba ga intanet, don ƙananan shafuka da makarantu da ba su da kuɗi duk sun samu. Amma wanda ya buɗe shafin tallafin bogi da safe shi ma yana da nasa kafin azahar. Abin ya kai a 2019 hukumar FBI ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a kada su amince da shafi don kawai sun ga kwaɗo. Google kuma ta ce sama da kashi 95 na shafukan da ake buɗewa a Chrome na Windows ta HTTPS suke zuwa, wato ta rufaffiyar hanyar nan da ke kawo kwaɗo. Alamar da kusan kowa ke ɗauke da ita ta daina raba na gari da mugu.

Ba rana ɗaya suka yi ba, a hankali suka riƙa janyewa. Yulin 2018, a Chrome 68, suka fara rubuta "Not secure" a kan duk shafin da ba a rufe hanyarsa ba. Satumbar shekarar, a 69, suka cire kalmar "Secure" da koren launin nan. A 2019 suka sauke sunan kamfani da ake nunawa a gefen adireshin wasu bankuna. Wato sun juya ƙa'idar: in hanya a rufe take ba za su ce komai ba, in a buɗe take za su yi magana. Sabuwar alamar ta saiti ce. Danna ta, za ka ga kwaɗon yana nan a ciki, tare da bayanin takardar shaida da izinin da shafin ya karɓa na kyamara, makirfo, sanin inda kake da turo sanarwa.

Abin da ya ƙaru na tsaro na gaske ba a fuska yake ba. Ka san jan shafin nan da kan tare mutum ya ce wurin da za ka yana da haɗari? Tsarin Safe Browsing ke nan. A da Chrome yana ajiye jerin miyagun adireshi a cikin kwamfutarka, yana sabunta shi duk minti 30 zuwa 60. Google ta ce kashi 60 na shafukan satar bayanai ba sa kai minti 10 a raye, kafin sunansu ya shiga jeri sun ci sun tashi. Daga Maris 2024 sai Chrome ya koma tambaya nan take: in za ka shiga adireshin da bai sani ba, yana tura ɗan guntun lambar da aka ciro daga adireshin, a rufe, ta hannun wani kamfani na tsakiya mai suna Fastly don kada Google ta ga daga wace kwamfuta tambayar ta fito. Sun ce suna sa ran hakan zai ƙara tare kashi 25 na yunƙurin damfara. Wannan yana kan huɗun ka, bai isa biyun ba.

Sai 'yan ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza, masu sauke bidiyo da makamantansu, waɗanda yaran shago ke son ɗorawa. Daga 117 Chrome yana sanar da kai in an cire ɗaya daga rumbunsa, ko don mai ita ya janye, ko ta karya doka, ko an gano muguwa ce.

Mafi girma a wurina shi ne toshe ɓaraka. Daga Agustan 2023 kowane mako ake fitar da gyaran tsaro. In ba ka misali: a Satumbar nan ta 2023 masu binciken Apple da na Citizen Lab ta Jami'ar Toronto suka kai rahoton wata ɓaraka a yadda ake karanta hotuna nau'in WebP, wadda hoto ɗaya da aka shirya da mugunta zai iya zama hanyar shiga na'ura, kuma an riga an fara amfani da ita. Chrome ya toshe ranar 11 ga wata, Firefox da Edge da Brave duk suka bi, don manhajar karanta hoton ɗaya suke amfani da ita. Irin wannan ba ya ƙarewa, kuma babu wata alama a gefen adireshi da za ta gaya maka kana ciki ko ba ka ciki.

Mai Kafe Tudun Wada:

Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Na karanta har na kira yaron shagona na sa shi ma ya karanta. Na danna alamar kamar yadda ka ce, ga kwaɗo nan a ciki kuwa. Gobe in dattijon ya zo zan nuna masa, ko da yake na san abin da zai ce, wai me ya sa suka ɓoye shi in ba su da abin ɓoyewa.

Amma ka bar ni da aiki. Biyun nan ba ni da halin canza su yanzu, kowa ya san yadda dala ta mai da kayan kwamfuta, ga man janareto da ke cinye rabin ciniki. Jefar da su zan yi? Su ma huɗun ba wani ƙarfi gare su ba, RAM ɗinsu 4GB ne, in ɗalibi ya buɗe shafuka da yawa sai ka ji fanka tana kuka, linzami ya daskare. Ban sani ba ko sabon fasalin ne ya ƙara musu nauyi.

Akwai kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai shiga imel ɗinsa ya fitar da takarda, ya biya ni ya tafi, ya bar komai a buɗe. Na baya ya zo ya tarar. Wani ma Chrome zai tambaye shi ko ya ajiye kalmar sirri, ya danna e bai karanta ba. Ni dai Incognito, tagar Chrome da ba ta ajiye tarihi, nake buɗe wa kowa yanzu. Ya wadatar?

Kwalin kuma har yanzu ban ji abin da zan rubuta ba. Ba zan iya rubuta wa dattawa tarihin Let's Encrypt a bango ba.

Maman Ikram:

Sannu da ƙoƙari Malam. Ni kwamfuta nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Katsina, kuma kwalinka ya ba ni dariya, don irin maganar tana cikin tsohon littafin da muke amfani da shi. Na daina koyar da ita.

Abin da nake koya musu shi ne karanta adireshi daga inda ya kamata. Ido yana fara karatu daga hagu, ɗan damfara kuma ya san haka, sai ya jera sunan da ka sani a farko. Mai shafin na gaskiya yana ƙarshe, dab da karkataccen layin nan na farko. Misali jamb.gov.ng na hukuma ne, don ya ƙare da gov.ng, kuma ba kowa ake ba wannan ba sai hukumar gwamnati. Amma in na ƙirƙiro adireshi na rubuta gov.ng.tallafi-kyauta.xyz, mai shi shi ne wanda ya sayi tallafi-kyauta.xyz, gov.ng ɗin da ke gaba ado ne. Nakan rubuta guda biyar a allo in ce su ja layi a ƙarƙashin mai gida. Mako biyu suke ɗauka su iya, daga nan su suke kama iyayensu a gida.

Wata abokiyar aikina ƙanwarta ta rasa kuɗin adashinta a irin wannan. Linki aka turo a zauren WhatsApp na mata, wai tallafin jari, shafin tsaf da tambarin gwamnati da hoton manya. Ya nemi BVN, ya nemi lambar kati wai don a tura kuɗin, sannan ya nemi lambar da banki zai turo ta waya. Ta ce ta duba ta ga kwaɗo. Gaskiya ta faɗa, yana nan.

In ni ce, ga abin da zan sa a kwalin: Kada ka biya kuɗi ta linkin da aka turo maka, bari mai shago ya buɗe maka shafin. In ka ga jan shafi ko "Not secure", ka tsaya ka kira ni. Ba a karɓar kuɗi da lambar OTP, fitar da kuɗi ake yi da ita.

Kai kuma ka ajiye shafukan da kuka fi shiga a layin da ke ƙarƙashin adireshi, Remita da na makarantun da ke kusa da kai, bayan ka tabbatar da kowanne da kanka. Kada yaron shago ya riƙa nemo su ta Google kullum, don wani lokaci na farkon da ke fitowa talla ce aka biya.

Sarkin Shakka:

Duk na ji, amma kada mu mai da Google waliyyiya. Kamfanin talla ne, da tallar yake ci. A daidai watannin da suka yi wa Chrome kwalliya suka kunna wani tsari da burauzar da kanta ke duba shafukan da kake shiga ta fitar da batutuwan da kake so don masu talla. Wani allo ya fito wa mutane, yawanci suka danna don ya wuce. Ku shiga saiti, ɓangaren sirri, in kun ga sashen talla, ku kashe abin da ke ciki.

Incognito ɗin da Malam ya dogara da shi ma, ai ƙara aka kai su a Amurka a kansa, a ƙarshen 2023 suka amince da sulhu, daga baya aka bayyana cewa za su goge biliyoyin bayanan da suka tara, suka kuma gyara rubutun da ke fitowa a farkonsa. Shi kuma matakin kariya mai ƙarfi na Safe Browsing da suke ta tallatawa, adireshin da kake shiga yake tura musu. Ni Firefox nake amfani da shi, ban ce kowa ya bi ni ba.

Injiniya Bauchi:

Sarki, ban musa maka ba, kuma shawarar kashe saitin talla daidai ce. Sai dai a raba biyu. Abin da Google ke sani a kanka damuwa ce, wanda zai kwashe kuɗin makarantar jikokin dattijo damuwa ce ta daban, kuma ta biyun ce ke shiga shagon Malam kowace rana. A kwamfutar haya, inda kowa ke danna abin da ya ga dama, ni zan kunna kariya mai ƙarfin. A wayata ta kaina kuma ina iya yin wani lissafin.

Malam, Incognito ya rage matsala amma akwai wanda ya fi shi dacewa da shago. Danna hoton mutum da ke sama ta dama, ka zaɓi "Guest", wato baƙo. Tagar baƙo ba ta ganin kalmomin sirri da tarihin da ke kan kwamfutar, kuma da an rufe ta abin da ya yi ya goge. Sharaɗin shi ne a rufe ɗin, don haka ka sa wa yaronka doka, kowa ya tashi a rufe taga kafin wani ya zauna. Abu ɗaya da ba Incognito ba baƙo ba mai gogewa: fayilolin da aka sauke. Takardar sakamako, hoton fasfo, silif na NIN, duk suna nan a jakar saukewa har sai ka share da hannunka. Na shiga shagunan da na tarar da takardun mutane na shekara guda a wurin. Ka kuma shiga saiti ka kashe tambayar ajiye kalmar sirri gaba ɗaya. Layin shafukan da Maman Ikram ta ce ka ajiye ba ya bayyana a tagar baƙo, sai ka yi musu gajerun hanyoyi a fuskar kwamfuta ko ka buga adireshin a takarda ka manna.

Nauyin kuwa ba lanƙwasar kusurwa ba ce. Tun 2018, bayan ɓarakar Spectre da aka gano a cikin su kansu injinan kwamfuta, Chrome ya koma ware kowane shafi a ɗakinsa daban don kada mugun shafi ya leƙa abin da ke cikin na banki. Google da kanta ta ce hakan yana ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13. Kuɗin tsaro ne, kada ka bari wani ya kashe maka shi. Abin da za ka yi, a saiti akwai sashen aiki, ka kunna "Memory Saver", yana kwantar da shafukan da aka buɗe aka bari. Amma ka gwada shi da shafukan cike fom tukuna, in ka ga yana sa su sake lodi ka sa su a jerin waɗanda ba a taɓawa. In ka samu hali ka kai RAM 8GB, shi ne maganin gaske.

Biyun nan kada ka jefar. Amma daga yau kada a sake sa kati ko kalmar sirri a kansu. Ba Chrome kaɗai ba ne, ita kanta Windows 7 Microsoft ta daina yi mata gyara tun 14 ga Janairun 2020. In dole sai sun hau intanet, Firefox 115 ESR ne na ƙarshe da kamfanin Mozilla ya ci gaba da yi wa gyara a kan Windows 7, shi ma na ɗan lokaci ne, ka duba ko wa'adinsa bai ƙare ba. Mafi sauƙi ka zare musu wayar intanet su zama na buga takardu da firintin, aikin da ai shi ne rabin cinikinka. In suna da 4GB kuma 64-bit ne, akwai tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows, irin ChromeOS Flex da Google ta fitar a 2022 don tsofaffin kwamfutoci, kyauta, ko Linux Mint. Ɗora musu Windows 10 ma hanya ce, sai dai ka sani ita ma wa'adinta ya cika tun 14 ga Oktoban 2025, wannan kuma ya shafi huɗun naka, gara ka fara tari tun yanzu.

Ɗan Farm Centre, kai ma ga naka. Opera Mini yana rage data ne ta hanyar bi da shafin ta sabar Opera, a can ake buɗe shi a matse sannan a turo wa waya. A matakin matsewa mafi tsanani, rufin nan da muke magana ba daga wayarka har banki yake ba, yana tsayawa a tsakiya. Don karanta labarai ba laifi. Harkar kuɗi a yi ta da manhajar banki.

Mai Kafe Tudun Wada:

Madalla. Maman Ikram, na kwafe kalamanki yadda suke, sai dai na ƙara "don Allah" a farko saboda dattawa. Na zare wa biyun wayar intanet da yamman nan, na juya su suna kallon bango ta wajen firinta. Jakar saukewa kuwa, Injiniya, ba zan faɗi abin da muka tarar ba, yaron yana nan yana sharewa.

ChromeOS Flex ɗin nan ya ja hankalina, amma firintata tsohuwar HP LaserJet ce ta kebul, kuma rabin aikina a Microsoft Word nake yi, da CorelDraw na katin biki. Za su hau?

Ɗan Farm Centre:

Word na kwamfuta da CorelDraw ba za su hau Flex ba Yallaɓai, sai dai Word na intanet, shi kuma data zai ci maka. Bar su a Windows 7 ɗinsu ba intanet kamar yadda Injiniya ya ce, amma ka kula da filashin da mutane ke kawowa, ta nan cuta ke shiga. RAM na huɗun kuma, kafin ka saya ka buɗe ɗaya ka duba ko DDR3 ne ko DDR4, da ko akwai ramin da ba kowa a ciki. Turo mini lambar samfurinsu ta akwatin saƙo in duba maka a kasuwa ranar Asabar.